Yadda Aka Cire Mini Tasalla

Jiya da dare na yi wani mafarki, ni da rabona da mafarki tun da aka binne matata Tasalla, shekara uku ke nan. Na tsinci kaina a wata ƙasa inda turɓaya take sama, saiwoyi suna reto a kan mutane kamar wayoyin lantarki. Ruwan sama daga ƙasa yake tasowa, don haka kowa a ƙafa yake ɗaura lemarsa.

Wata tsutsar ƙasa, wato tana, mai hular 'yan sanda ta nuna mini layi. Na Ofishin Tantance Asali ne. A gabana akwai wani jan dankali sanye da babbar riga.

Na ce, "Me ya kawo ka?"

Ya ce, "Abin da ke kawo ni kullum. Shekaru dubbai da suka wuce, kakana ya ji ciwo a saiwa. Wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa ta bi ta raunin, ta cusa guntun gadon halittarta a cikin nasa. Ita ta mutu, guntun ya zauna. Duk dankalin da aka haifa tun daga ranar, da shi yake zuwa duniya."

"Na karanta wannan," na ce, don ba na so a ce dankali ya koya mini wani abu. "Ba ka jin kunya?"

"Kunyar me? Wasu ma cewa suke shi ya ba ni wannan jikin da kuke dafawa. Kai dai ka ji da kanka, Malam."

Sai ga ni kwance a kan tebur. Likitar bushiya ce. Ta buɗe ni daga wuya zuwa cibiya kamar jakar hannu, ko ɗigon jini babu, sannan ta gyara tabarau.

"Malam Garzali, akwai kayan da ba naka ba a nan. Hura shayi sau uku kafin kurɓa. Gaida maƙwabci ko da kuna gaba. Zuba wa tsuntsaye ruwa a kasko. Duk na wata Tasalla ne."

"Matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa? Ta ina suka shiga?"

"Ta rauni mana. Shekarar da aka sallame ka daga koyarwa, ka yi wata bakwai ba ka leƙa ƙofar gida ba. A bari, ko a cire?"

Shekara arba'in ina gaya wa matar nan cewa duk abin da ke kaina daga littafi na samo shi. Ba zan canza magana a gaban bushiya ba.

"A cire."

Ta riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a faifai. Babu zafi. Iska ce dai ta fara ratsa ni.

Da ta gama, ta ɗaga murya: "Mai kaya ta zo ta karɓa!"

Tasalla ta shigo cikin zanen da take shara da shi. Ko mamaki ba ta yi ba. Ta ɗauki faifan ta duba.

"Malam, aiki aka yi maka? Sannu. Ai da ka bar su, ba abinci suke ci ba."

"Dokar ofishin ce," na ce.

"To," in ji ta, irin to ɗin da take yi idan ta san ƙarya nake.

Bushiya ta raɗa mini cewa in ina so a mayar, sai na ba mai kaya haƙuri kafin ta fita. Na buɗe baki. Na laluba cikina, ban samu komai ba sai sunayen littattafai. Na leƙa faifan, sai ga ba da haƙurin can ƙasa, a ƙarƙashin sauran. Ashe shi ma nata ne, ban taɓa mallakar nawa ba.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana jira. Dama ta iya jira. Ina ta motsa baki kamar tarwaɗa a tudu, har injin markaɗen maƙwabta ya tashi, na buɗe ido.