Kofaton Akawal

Malam Tukur ya ɗaga ƙafar dokin ta gaba, ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗora tafin hannu a kan kofaton. Zafi rau. Shekara talatin yana gyaran kofato daga Dutsin-Ma har ƙauyukan Kurfi, amma bai cika ganin wanda ya yi tsawo har ya lanƙwashe sama haka ba.

Akawal, baƙin dokin marigayi Mamuda na Wurma, ya yi ƙiba har yana sheƙi, sai dai ko taku uku ba ya iya yi. Azumi, matar marigayin, tana tsaye a ƙofar ɗaki. Ƙanin mijinta Ɗanmusa kuwa ya kafa ƙafa a kan turke, sai duba agogo yake kamar shi zai tuƙa motar dillalan dawaki.

"Malam, gaya mata gaskiya," in ji Ɗanmusa. "Gobe motar masu kai dawaki Kudu za ta tashi. Dokin da bai tafiya ai nama ne."

Tukur ya ci gaba da aikinsa. Ya kankare tsohon kashin da ya cushe a ƙasan kofaton, wari ya taso. Ya sa wuƙa yana rage tsawon kaɗan-kaɗan, ya bi da magagari, yana yi wa dokin magana ƙasa-ƙasa. Da ya gama ƙafa ta biyu sai ya juya.

"Maman yara, mi kike ba shi?"

"Gero," ta ce. "Kwano biyu kullum, tun ranar da aka fita da maigidan. Shi da kanshi bai taɓa ba shi haka ba. Na ce kada ya ji maraici."

"Ana fita da shi?"

"Wa zai fita da shi? Lokacin ina takaba."

Tukur ya ji tausayinta har cikin ransa. Wata biyar ke nan tana rage tuwon gidan don dokin ya ƙoshi, ga shi dole ya gaya mata abin da hakan ya jawo.

"Geron nan shi ya sauka mashi a ƙafa," ya ce a hankali. "Doki ya ci hatsi bai motsa ba, kofato ke ɗaukar wutar."

Azumi ta toshe baki da gefen hijabi. Ba ta yi kuka ba, amma Tukur ya gwammace a ce ta yi.

"Zai tashi?" ta tambaya.

"In Allah ya yarda. A tsai da gero, a bar shi da busasshiyar ciyawa. In zafin ya sauka, a riƙa jan shi bisa yashin rafi safe da yamma, sannu-sannu. Ni kuma duk sati uku zan zo in rage."

Ɗanmusa ya yi tsaki. "Wa ke da wannan lokacin? Ga girbi ya zo. In babu mai jan shi, da safe zan kira dillali."

Kwana ashirin da fitarta takaba, amma Azumi ko zaure ba ta leƙa ba, duk Wurma an san haka. Ta tako tsakar gida, ta ɗauke kwanon geron daga gaban dokin, ta kife shi a kan rumbu. Sannan ta kwance ragamar daga turke, ta naɗe ta a hannunta.

"Malam, kafin zafin ya sauka, nuna mani yadda ake riƙewa," ta ce. "Kuma ta wace hanya yashin ya fi laushi?"