Hasken da Alhaji Goni Ya Gani

Shekara talatin Alhaji Goni yana sayar da shadda a Kantin Kwari, kuma idonsa ne jarinsa. Daga bakin layi yake gane shuɗin da ya ɗan sirka da kore. Shi ya sa tun da aka cire masa yanar ido a wani asibiti a Sabon Gari, maganar likita ta tsaya masa a rai: in ya ga walƙiya ko tartsatsin haske a idon, ya dawo da gudu, don gani na iya tafiya gaba ɗaya.

Kwana tara da aikin, bayan sallar isha'i, yana zaune kan tabarma a tsakar gidansa a Kwaciri. An ɗauke wuta. Kwatsam wani haske kore mai doguwar jela ya tsaga sama, ya rabu gida uku, ya mutu. Babu ƙara, babu hadari.

Nan take ya hango kansa ana jan sa da sanda zuwa masallaci, yana shafa shadda da hannu yana tambayar mutane launinta.

Matarsa Hajiya Bintu ta fito daga kicin da kwanon tuwo.

"Bintu, ba ki ga komai ba yanzu?"

"Kamar me, Alhaji?"

"Ba komai," in ji shi. Goni kuwa mutum ne da ya gwammace ya mutu da ciwo da a ji ya ce wayyo. Ya tura kwanon gefe, yana ta salati a zuci.

Sai aka buga ƙofa kamar za a karya ta. Felicia ce, maƙwabciyarsu mai sayar da taliya a kasuwar Singa, ko takalmi babu.

"Hajiya! Kun gani? Wuta ta faɗo daga sama!"

Goni ya miƙe zumbur. "Ke ma kin gani?"

"Baba, ai duk layi an gani, har mai shayi ya ƙona hannu. Wai dutse ne daga sama. Shuɗiya ce, wallahi, kamar wutar gas."

"Shuɗiya? Haba Felicia! Kore ne shar, gefensa ruwan ƙwai. Ni za ki koya wa launi?"

Ya fashe da dariya har da hawaye. Sai a lokacin Bintu ta tuna gargaɗin likita, ta gane abin da ya hana shi cin tuwo. Ta dube shi, tausayi da haushi suka kama ta lokaci guda.

"Wato da haka za ka kwana, ba ka gaya mini ba?" Ta riƙe hannunsa kafin ya kai fuska. "Kar ka murza idon nan."

Ya zauna, ya jawo kwanon gabansa.

"Alhamdu lillahi. Bintu, miyar nan ta kuka ce, ko? Daga nan ma ina ganin korenta."