Wankin Jirgin Gonar Kabo

A bayan garin Gafasa akwai gonar Kabo, a tsakiyar gonar kuma akwai jirgin sama. E, jirgin sama, na yaƙi, irin mai zubar da bama-bamai. Lokacin yaƙin duniya na biyu ya taso daga Kano zai yi gabas, injinsa ɗaya ya mutu, ya zo ya kwanta da ciki a cikin dawar mahaifin Kabo. Turawa uku suka fito da ƙafarsu, aka kai su Gaya a kan dawaki. Bayan kwana biyu Di'o, Baturen mulki, ya zo da mutanensa suka kwance bindigogi da duk abin da ke iya fashewa, sannan ya sa tafinta ya gaya wa mai gona ya kula da jirgin har a zo a ɗauka. Bature ya faɗi maganarsa ya hau mota, ƙila kafin ya kai Wudil ya manta. Shi kuwa tsoho ya ɗauke ta amana. Da ciwon ajali ya kama shi bai yi wa Kabo wasiyyar rumbu ko ta akuya ba, sai ta jirgi.

To, haka Kabo ya gaji abin da ba a ci, ba a sayarwa. Kowace damina sai ya yi kunyoyin shuka ya zagaye shi, wurin da zai ba da dami ashirin yana kwance ƙarƙashin fukafukai. Ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Maƙera masu zubin tukunya sun zo daga Ajingi, sun zo daga Kademi, suna roƙon ko da gefen fiffike ne, ya kore su. A kasuwa kuwa ba a kiransa sai da "Kabo direba", ana tambayarsa yaushe za a tashi zuwa Makka. Abin yana ci masa rai ƙwarai, amma ba ya tankawa. Burinsa ɗaya ne a duniya: ranar da masu jirgi za su zo, ya miƙa musu kayansu lafiya, su ce ya cika amana, a gaban waɗannan masu dariyar.

Shekara talatin da biyu ana haka. A bazarar 1974 sai ga farar mota ta tsaya a ƙofar dagaci. Wani matashi mai tabarau ya fito, Malam Bappa, ma'aikacin gidan adana kayan tarihi. Ya ce labarin jirgin ya kai musu, suna so su ɗauke shi su gyara, a ajiye inda jama'a za su riƙa zuwa kallo. Dagaci ya aika aka kira Kabo.

Malam Bappa ya zagaya jirgin ya fi sau goma. Ya leƙa ciki, ya ƙwanƙwasa nan, ya shafa can. A wajen hancin jirgin ya daɗe a tsaye, ya kusa manna tabaransa da ƙarfen, inda wani tsohon fenti ya dushe a ƙarƙashin ƙasa da kashin tsuntsaye na shekara da shekaru. Ya ɗaga yatsa kamar zai kankare, sai ya fasa.

"Baba, ban taɓa ganin tsohon jirgin da ya kai wannan cika ba," in ji shi. "Ya dai sha datti, amma ba komai. Nan da mako uku za mu dawo da manyan motoci. Ka ci gaba da kula da shi yadda ka saba."

Duk yabon nan Kabo bai tafi gida da shi ba. Kalma ɗaya ya tafi da ita: datti. Ya zauna a tsakar gida ya maimaita wa matarsa Hansai, ita kuwa ta ajiye tankaɗen da take yi ta riƙe haɓa.

"Ai kuwa da gaskiyarsa, Malam. Ni ko kwanon tuwo aka aiko min daga maƙwabta, na taɓa mayarwa ban wanke ba? Balle kayan hukuma. Haka za ka miƙa shi, kashin tattabaru har hanci? A kai birni a ce daga Gafasa ya fito? Wallahi da kunya."

Kabo ya san haka ne. A garin nan wanda ya ari fartanya yakan goge ta kafin ya mayar, wanda ya ari jaki yakan ba shi dusa. Washegari ya sayi goro ya bi gida gida yana gayyar aiki, kamar yadda ake yi in noma ya fi ƙarfin mutum. Kai, mutane! Waɗanda suka shekara talatin suna masa dariya su ne a gaba, don yanzu an ji birni na son abin.

Ranar gayya gonar ta cika. Mata suka kawo toka a ƙwarya, da jiƙaƙƙiyar tsamiya, da soso, irin kayan da suke sa tukunya ta yi ƙyalli. Maza suka ɗebo yashi da ruwa a kan jakuna, suka hau fukafukai. Makaɗa suka kafa gangar noma a gindin wutsiya. Aka jiƙa, aka zuba toka, aka dirza, aka ɗauraye. Ƙasa ta fita, kashin tsuntsaye ya fita, tsohon fenti mai ruwan ƙasa da kore ya biyo su, farin ƙarfe ya fara bayyana, mata suka rangaɗa guɗa.

Hancin jirgin Kabo ya ce a bar masa. Nan ne baƙo ya daɗe yana kallo, nan ne kenan dattin ya fi damunsa. Wurin kuwa ya yi taurin kai. Da ƙasar ta fita sai ga wasu zane-zane baƙaƙe da farare, layi-layi, sun kama ƙarfen kam. Kabo ya yi karatun allo, boko kuwa ko harafi ɗaya bai sani ba, shi dai tabo ya gani. Toka ta kasa, ya koma yashi. Yashi ya kasa, ya sa aka farfasa masa katangar tsohon tulu ya riƙa gurzawa da ita. Tun hantsi yake abu ɗaya har la'asar, tafin hannunsa ya saɓule, amma bai sauka ba sai da ya ga fuskarsa a wurin.

Kwana uku aka yi. Jirgi ya koma fari tas, yana walƙiya har ba a iya kallonsa da tsakar rana.

Ranar da aka yi alkawari motoci suka iso, manya biyu da mai ɗaga kaya. Gari ya fito kaf, dagaci a gaba, makaɗa na kiran sunan Kabo. Malam Bappa ya sauko riƙe da wani ƙaramin akwati, ya ɗaga kai ya ga jirgi, ya tsaya cak. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya dubi taron, ya dubi tsohon da ke tsaye cikin sabuwar riga yana jiran magana. Yaron nan Bappa yana da tarbiyya, wannan kam ba a raba shi da ita.

"Sannunku da aiki," ya ce da ƙarfi. "Baba ya riƙe amana. Allah ya saka da alheri."

Wuri ya kaure da guɗa. Kabo ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka, har idonsa ya kawo ruwa.

Da ma'aikata suka fara kwance fukafukai, Kabo ya ɗauki ƙwaryar fura ya zagaya ya kai wa baƙo. Ya same shi shi kaɗai a wajen hanci, akwatin nan a buɗe a ƙasa, cike da auduga da 'yan kwalabe da burushi ƙanana kamar na kwalli. Yana ta shafa ƙarfen da tafin hannu.

"Malam, lafiya? Ko bai fita sosai ba?"

Malam Bappa ya ga ba amfanin ɓoyewa. "Baba, a nan akwai rubutu. Sunayen mutanen da suka tuƙa shi, da sunan da suka sa masa, da alamar kowace fita da ya yi a yaƙi. Can wajen wutsiya kuma akwai lambarsa. Wannan audugar da ita na zo in ɗaga dattin a hankali, ko wata guda zai ɗauke ni. Su ne shaidarsa. Yanzu za mu kai shi, za a kalla, amma ba mai iya cewa wane jirgi ne, ko su wa ya ɗauko."

"Ba a mayarwa?"

"Da na karanta, da sai a mayar. Ban karanta ba. Laifina ne, Baba, da ban yi maka bayani ba."

Kabo ya dubi wurin. Sumul, ko ɗigo babu.

"Nan ni na wanke," in ji shi. "Ban bar wa kowa ba."

Ya ajiye furar a ƙasa ya koma cikin taro, aka ci gaba da yi masa kirari yana amsa gaisuwa. Kafin la'asar an ɗaure komai, motoci suka kama hanyar Gaya, yara da manya na binsu da gudu.

A gida Hansai ta tare shi tun daga zaure, fuskarta fal murna.

"Malam, an ce a gaban dagaci baƙon ya yaba maka. Ka ga amfanin wankin nan ko?"

Kabo ya buɗe baki, ya dube ta, ya tuna kwana ukun da ta yi a durƙushe tana dirza da hannunta.

"Ya yaba," ya ce.

Ta kawo masa tuwo ta koma tana ba maƙwabta labari ta kan katanga. Da ta dawo ɗaukar kwano ta tarar ko buɗe shi bai yi ba.