Kwamfutar Cikin Kwalla

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni ko a gidan biki bayan ƙyaure nake zama. Amma tun da Inna Ummulhairi ta rasu abin yake min nauyi a ƙirji, shi ya sa na ce bari dai in sauke shi a takarda.

Ranar ina tsaye a ƙofar shagon Saminu mai gyaran waya, nan bakin tashar Ikara, na ja hijabi har kan hanci. Samari sun cika benci, ni kuwa na kasa ko sallama mai ƙarfi.

"Hajiya, caji ne ko kallo?" in ji Saminu.

"Aro aka aiko ni."

"Ɗaga murya mana, janareta ya fi ki baki."

Suka kwashe da dariya. Na rufe ido na zubo abin da na taho ina bita a hanya kamar hadda: "Filash mai Windos, da kibod, da caja mai siririn baki."

"Tab! Shago za ki buɗe? Kwamfutar wa?"

"Ta Inna Ummulhairi, mai koya wa mata karatu."

Sai ya daina wasa. Ya ce a hannunta mahaifiyarsa ta yi sauka. Ya ciro filash ɗin daga aljihun gabansa, ya haɗa min da sauran a leda.

"Shi kaɗai gare ni, da shi nake cin abinci. Ki riƙe da kyau. Yaya jikin nata?"

"Da sauƙi," na ce, don haka ake cewa.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Tun da ciwo ya kwantar da ita farkon damina, ni nake kai mata kunu da safe. A nan ne wata rana ta ce min, "Badi'a, sauko min da kwallar can ta sama."

Na ɗauka zannuwa ne. Da na buɗe sai na ga kwamfuta laftof, an naɗe ta a farin ƙyalle, ƙamshin turaren wuta duk ya kama ta. Ta ɗanta ce, Suhaib, wanda zazzaɓi ya ɗauke yana karatu a Zariya tun ina ƙarama. Abokansa ne suka kawo mata ita da sauran kayansa, suka nuna mata wani bidiyo da suka ɗauke shi yana karatun Alƙur'ani. Sau ɗaya ta kalla, shi ma a kaikaice saboda mutane. Daga nan ta naɗe ta ta ajiye, duk Juma'a tana turara ta.

"Na ce kada a yi ta kunnawa muryar ta ƙare," ta ce. "Yanzu kuwa ina son in ji yaron nan."

Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ɗan fari ne.

Na kira Wasila, 'yar kawuna, wadda take buga takardu a wani shago kusa da sakatariya. Ta juya kwamfutar, ta ga batirin ya kumbura har ya ɗaga bayanta.

"Inna, ai ajiyar ce ta kashe ta. Ita wannan ba atamfa ba ce, in ba a kunna ta lalacewa take."

"To, malama, na ji hukunci. A yi min sassauci."

Wasila ta gwada da cajar wurin aikinsu, kwamfutar ta kawo haske, ta rubuto wani Turanci ta tsaya cak. Wasila ta ce abin da ke tayar da ita ne ya mutu, wato Windos, sai an sa mata sabo daga filash, kuma madannanta rabi ba sa aiki. Dalilin zuwana shagon Saminu ke nan.

Washegari da hantsi muka jawo wuta daga solar gidanmu ta kan katanga. Wasila ta cire batirin gaba ɗaya, ta ɗora kwamfutar a kan turmi da aka kifa kusa da gadon, ta ce kada wanda ya taɓa wayar ko da ƙafa. Ramin farko bai karɓi filash ɗin ba. Na biyu ma haka. Sai na ukun, shi ma sai an ɗan danna shi sama. Aka ba ni wannan aikin. Na durƙusa na tallafe shi da yatsa biyu.

Can sai Wasila ta ɗauke hannu daga kibod.

"Inna, akwai magana. A nan wurin, in na kuskure, ko ita ta kuskure don tsufa, duk abin da ke ciki zai goge. Ba zan ɓoye miki ba."

Inna ta juyo ta dube ta.

"In an bar ta haka, zan ji shi?"

"A'a."

"To, yi bisimilla ki danna."

Ta danna. Fankar cikin ta fara kuka kamar injin markaɗe. Wani layi ya soma tafiya a fuskar kwamfutar, ya tafi ya tsaya, ya tafi ya tsaya. Hadari ya taso daga wajen Paki, na riƙa addu'a a zuci kada ya rufe rana wutar ta ɗauke. Hannuna ya yi tsami har kafaɗa, ƙuda ya sauka a goshina ban kore shi ba.

"Badi'a, kin ga yadda kika yi kuwa?" in ji Wasila. "Kamar mai riƙon jariri ranar suna."

"Ƙyale min 'yata," Inna ta ce. "Ke da bakinki kamar rediyon direba."

An kira azahar kafin ta gama. Fuskar ta yi shuɗi, ta mutu, ta sake tashi. Wasila ta shiga nan ta fita can, bakinta yana motsi, sannan ta sauke ajiyar zuciya.

"Yana nan."

Muka tayar da Inna, na jingina ta a jikina. Ga shi zaune a kan tabarma, farar riga, hula ta ɗan karkace. Siriri ne, yana da irin goshinta. Ya gyara zama, ya buɗe baki.

Ba mu ji komai ba.

Wasila ta ƙara murya har ƙarshe. Shiru. Ta kara kunne, ta bubbuga gefen. Ta ce sifikar ciki ta mutu, sai an samo ta waje mai waya. Ta kira Saminu, ya ce yana da ita, amma yana kasuwar Makarfi kuma makullin shago yana aljihunsa, sai gobe.

Ni kuka ne ya taso min. Inna kuwa ko ƙiftawa ba ta yi.

"Matso min da ita."

Ta zuba wa bakinsa ido. Can sai na ji tana motsa nata leɓen, sannan murya ta fito a hankali. Ta gane surar. Suratu Maryam ce. Yana buɗe baki tana karantawa, yana tsayawa tana tsayawa, inda ya ja ta ja, har numfashi tare suke ɗauka. Ina jin karatun yana fitowa ta bayanta yana shiga ƙirjina.

A wani wuri ya ɗan yi turus, ya kalli gefe, ya koma baya.

"Nan ne," ta ce, tana murmushi. "Kullum nan yake sarƙewa. Har ya girma bai bari ba."

Da ya ƙare ta ce a mayar. Aka mayar. Karo na biyu ba ta karanta ba, kallo kawai ta yi.

"Yana raye ban taɓa tsayawa na kalle shi haka ba," ta ce. "Kunya. Ashe yana da tabo a gira."

"Gobe da sassafe zan karɓo sifikar, Inna."

"Allah ya kai mu, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka."

Da asuba ƙanwar mijinta ta leƙo ta katanga ta kira mahaifiyata. Kafin azahar an kai Inna makwancinta. Ranar ban iya zuwa ko'ina ba.

Washegari da safe na ɗauki ledar Saminu na tafi tasha. Ya riga ya ji. Ya karɓi kayansa, ya bar min cajar, ya yi min gaisuwa, sannan ya miƙo min wata 'yar baƙar sifika.

Na tarar mata sun cika tsakar gidan, tsofaffin ɗalibanta, ana ta karɓar gaisuwa. Na ratsa su kaina a ƙasa na shiga ɗakin. An naɗe katifa, saura gadon ƙarfe. Na kunna kwamfutar, na jona wayar sifikar yadda Wasila ta nuna min, na danna.

Muryarsa siririya ce, ta fi yadda na zata yarinta. A waje maganganu suka riƙa raguwa har suka ɗauke. Na juya bakin sifikar wajen gadon, na zauna a ƙasa.