Hular Yaye

Wallahi Inna ta iya ɗora wa mutum hawan jini. Bizar wata uku aka ba ta, ta zo Dubai yi mini wankan jego, amma satin ƙarshe kaf a kan hula ta ƙarar da shi. Na ɗauka sanyin na'urar ɗaki take jiye wa jaririna Mubashir, na ce ga huluna nan jibge a shagunan Al Rigga, sai wadda ta zaɓa. Ta ce jikanta ba zai sa hular da ba a san hannun da ya yi ta ba.

Maigidana Zailani shi ya ƙara dagula lamarin. Ya kwaso mata ragowar samfurin ulu daga siton kamfaninsu na Jebel Ali: wani buzu-buzu kamar gashin tunkiya, wani ja mai ƙyalƙyali, wani kore mai ƙulle-ƙulle. Babu wanda ya kai dunƙule guda. Kibiyar saƙa ma babu, sai ta wanke tsinkayen cin taliyar 'yan Sin da ta tsinta a kicin, ta fiƙe su da wuƙa.

Gidana ya koma shagon aski. Gashi a kafet, gashi a miya, ƙyalƙyali har a girar Zailani, haka ya tafi aiki. Ga ɗanyen jego, ga shara sau uku a wuni. Zare ya ƙare ta ƙulla wani, ta warware, ta sake. Jirgi jibi, amma ko ɗankwali ba ta ninke ba. Raina in ya yi dubu ya ɓaci.

Ranar tafiya ta gama saƙar. Na ɗora wa yaro, hula ta zurma har haɓa.

"Haba Inna, duk wahalar nan ashe ko kansa ba ki gwada ba?"

Ta karɓe abarta tana ninkewa. "Ba ta yanzu ba ce, uwar gaggawa. In na dawo ɗaukarsa yaye, da ita zai bi ni Kano."

Sati uku da tafiyarta korona ta rufe hanya. Aka buɗe, aka sake rufewa, biza ta ƙi fitowa. Ni na yaye Mubashir da kaina, a falo, muna kuka mu biyu. Ranar na sa masa hular na nuna wa Inna ta waya, sai cewa ta yi na juya ta baibai, koren baya yake.

Yanzu hular ta fara matse masa kai. Zailani ya ce a adana ta kawai, na watsa masa harara, na ce ya nemo mini ragowar mummunan ulun nan. Ban iya saƙa ba, na soke yatsa ya fi sau goma, gashi ya dawo cikin miya. Amma sai na ƙara mata faɗi, don kada Inna ta iso ta tarar ta yi masa kaɗan.