Faifan Yaya Tanimu

Wani mafarki na yi a daren jiya, bari in faɗe shi tun bai tsere mini ba.

Na gan ni a ƙofar wani gidan rawa a Jos da rana tsaka. Wata zabuwa mai tabarau ce ke tsaron ƙofar.

"Shekarunka nawa?" in ji ta.

"Sittin da bakwai."

"Sun yi nauyi. Ajiye arba'in a nan."

Na ajiye, na shiga.

Ciki kiɗan rok-an-rol ne ke tashi, irin wanda muke kaɗawa zamanin wando mai faɗin ƙafa, kiɗan da ke sa mai ciwon haƙori murmushi. Jama'a na ta cashewa a jikin rufi, kawunansu a ƙasa. Sautin daga wani garmaho yake fitowa, faifansa ya kai faɗin ɗaki. A kan faifan kuwa Yaya Tanimu ne zaune da gangunansa, yana ta zagayawa.

Wana ne, shi ke buga mana ganga ina kaɗa jita. Wata rana na yi fushi na bar shi a kan dandamali ana tsakiyar wasa. Har ya rasu ba mu sake magana ba.

"Jatau, ka makara," ya ce da faifan ya kawo shi gabana. Ya wuce. Ya sake zagayowa. "Dubi allurar garmahon. In ta kai tsakiya ba wanda ya karɓi kiɗan, zan koma."

Na duba. Saura taku uku.

Sai ga jita a hannuna, amma tsirkiyoyinta dafaffiyar taliya ce. Ina taɓawa suka tsinke. Na ruga wurin zabuwa.

"Ranki ya daɗe, a ba ni wata!"

"Sai kifi ya sa hannu."

"Ina kifin?"

"Ya tafi wanka."

Saura taku ɗaya. Kiɗan ya fara shaƙewa, masu rawa suka soma faɗowa ɗaya-ɗaya kamar nunannun mangwaro. Yaya Tanimu ya dushe, har ina hango bango ta cikin ƙirjinsa. 

Na buɗe baki in ce, "Yaya, ka yafe mini." Maimakon magana, sai karin jitata ya fito daga maƙogwarona, tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Na ci gaba, numfashina na ƙarewa. Ya ɗaga sandar gangarsa, ya dube ni, ya karɓi kiɗan.

"Kada ka tsaya," in ji shi. "Ina da amsar da zan ba ka, bari mu kai ƙarshen baitin nan."

Saura kaɗan mu kai, maƙwabciyata ta tayar da injin markaɗe.

Na farka bakina a buɗe. Na ja bargo na rufe kai, na matse ido, ko Allah zai sa in koma. Injin bai tsaya ba sai da ta gama niƙa wake kwano biyu.