Ƙasar da Baba Ya Ɗiba

Da na dawo daga taron ma'aikatarmu a wani tsohon gari na bakin teku, babu tsarabar da nake ɗokin nuna wa Baba kamar hotunan ganuwarsu. Baba, Malam Muhammadu, maginin ƙasa ne a Zariya, kafin bulo ya koro shi Hayin Banki, a Kaduna. Yanzu shekararsa saba'in da huɗu. Gwiwa ɗaya ta ƙi shi, amma bakinsa garau.

Na miƙa masa waya ina ta zuba kamar 'ya'yan kanya: an gina ta don tare masu kawo hari ta ruwa, sau biyu igwa tana rushe ta, mutanen garin suna sake ɗora ta. Ya daɗe yana kallo.

"Safiyya, ba wanda ya ɓanɓari dutse ya kai gida?"

"Wa zai yi, Baba? Ai abin kunya ne."

Ya ajiye wayar. "Ni na yi. Tamu ganuwar ba igwa ce ta ci ta ba. Ƙasarta ta kwanta shekaru, ba ta da na biyu wajen tubali. Rani biyu ina ɗiba da jakuna. Giɓin yana nan har gobe, awaki ke bi."

Na ji kamar in haɗiye maganata.

Bayan mako guda ya shiga mota a Kawo, ya je Zariya, ya ga mai unguwar wurin da giɓin yake. Yana dawowa, sai ga tifar jar ƙasa a ƙofar gidanmu. Yayana Abdurrahim ya yi ta faɗa, ya kawo maganar gwiwa, ya ce in dole ne a sayi bulo a aika.

Baba ya harare shi. "Bulo na ɗauko? Ƙasa na ɗauko, ƙasa zan mayar."

Ranar Asabar ya jiƙa ƙasa, ya watsa ciyawa, ya naɗe wando ya shiga. Taku biyar, ƙafar ta lanƙwashe. Bai kira kowa ba. Ya durƙusa cikin taɓon, ya ci gaba da cuɗawa da hannu, gemunsa duk ja.

Haushinsa da tausayinsa suka taso min lokaci guda. Na cire takalmi, na tattare zani, na shiga.

Ko ɗago kai bai yi ba.

"Taka da diddige, 'yar boko. Na yi wa mai unguwa alkawarin tubalin toshe giɓin kafin damina."